Monitar situdiyo ko lasifika da amfilifaya: wacce ta dace da ɗakinka?

Wanda kunnensa ya gaji da sautin talabijin, ko da bugun 'yar lasifikar Bluetooth da ake ratayawa a kafaɗa, idan ya tashi neman abin da zai ji kiɗa da magana tangaran ba tare da ya tatike aljihunsa ba, hanya biyu zai tarar a gabansa. Ta farko ita ce ƙananan lasifikokin gida guda biyu, hagu da dama, irin waɗanda ake ɗorawa a kan durowa ko kanta. Waɗannan ba a jona su da wuta. Akwati ne kawai da wufa mai fitar da sauti mai kauri da tuwita mai fitar da siriri, sai an saya musu amfilifaya daban ta tura musu sauti. Ta biyu ita ce monita, lasifikar da aka ƙera domin masu haɗa waƙa da fim a situdiyo, wadda kowace ɗaya ke ɗauke da amfilifayarta a ciki. Ka jona ta da wuta, ka ba ta sauti daga kwamfuta, shi ke nan.

Idan kuɗin ɗaya ne, kuma sauti tsagwaronsa ake magana, a ganina monita ce a gaba. Sai dai lasifika kaya ce da ake zama da ita shekara da shekaru, kuma abin da ke raba gardama a ƙarshe shi ne nisan wurin zamanka da ita, da abin da za ka jona mata, da halin wutar unguwarku.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa monita ta aiki ce kawai, wai sautinta busasshe ne, tana tona asirin waƙa, ba ta da daɗin saurare. Tarihi bai goyi bayan wannan rabo ba. A 1978 kamfanin Yamaha ya fitar da NS-10M a matsayin lasifikar gida. Ba ta samu karɓuwa a falo ba, sai injiniyoyin situdiyo suka ɗauke ta, ta zama ita ake gani a kan teburin haɗa sauti ko'ina a duniya har aka daina ƙera ta a 2001. Kaifin sautinta ya kai wasu suna manna takardar tishu a kan tuwitarta don su ɗan dakushe shi. Ita kuwa BBC ta zana lasifikar LS3/5A a tsakiyar shekarun 1970 saboda motocinta na ɗaukar shirye-shirye a waje, inda wuri ya yi ƙaranci kuma ake son jin muryar mai magana yadda take. Yau masu son kiɗa ne ke rububinta su kai gida, da tsadarta. Ta gida ta koma situdiyo, ta aiki ta koma falo, kuma dukansu biyu sai da amfilifaya daban suke yi.

Binciken da aka yi a kan kunnen mutane ma nan ya dosa. Floyd Toole, wanda ya daɗe yana gwaje-gwaje a hukumar bincike ta ƙasar Kanada da ke Ottawa kafin ya koma kamfanin Harman a 1991, shi da abokin aikinsa Sean Olive sun riƙa zaunar da mutane a gaban labule, a kunna musu lasifikoki iri-iri a ƙarfin murya ɗaya, ba su ganin suna balle farashi. Abin da ya yi ta fitowa shi ne yawancin mutane, gwanaye da waɗanda ba su san komai a harkar ba, sun fi son lasifikar da ba ta ƙara wa sauti gishiri, wadda ba ta kumbura bes, ba ta wasa siriri, kuma abin da take watsawa gefe ya yi kama da abin da take jefowa gaba. Harman ɗin nan shi ne mai JBL, shi ya sa ake ganin tasirin binciken har a monitocinsu masu araha.

Abin da ke cikin akwatin

Wufa ce ke fitar da sauti mai kauri, tuwita ta fitar da siriri, kuma dole a samu abin da zai raba musu aiki, galibi a kusa da 2,000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti, in lambar ta yi ƙasa sautin ya fi kauri). A lasifikar gida ana yin rabon ne bayan amfilifaya ta gama ƙara wa sauti ƙarfi, ta hanyar nannaɗaɗɗiyar wayar tagulla da kafasito da aka ɓoye a cikin akwatin. Masu kyau daga cikin kayan nan suna da tsada, kuma tunda mai saye ba ya ganinsu, nan ne kamfani ke fara tsuke hannu. Wasu lasifikokin masu ɗan karen araha kafasito ɗaya tak ake sa wa tuwita, a bar wufa ta yi yadda ta ga dama. Babban bambancin Micca MB42 da MB42X ke nan: akwatin kusan ɗaya ne, amma ta biyun an sa mata cikakken mai raba sauti, kuma kunne yana ji.

A monita ta gaske ana raba sautin tun yana ƙarami, kafin ya shiga amfilifaya, sannan wufa da tuwita kowace ta samu amfilifayarta. JBL 305P MkII, wadda ta fito a 2018, tana da wat 41 na wufa da wat 41 na tuwita. Yamaha HS5 wat 45 da wat 25. Tunda injiniya ɗaya ne ya zaɓi wufar da amfilifayar da girman akwatin, yana iya gyara raunin wannan da ƙarfin wancan, ya cike inda sauti ya lotsa, ya danne inda ya yi tsini, ya kuma tsare wufa kada a tura mata abin da ya fi ƙarfinta. Abin da ya sa monita mai wufa inci 5 take sauka ƙasa a bes fiye da yadda girmanta ya nuna ke nan. Monita dafa-duka ce: an auna komai a tukunya ɗaya, ɗanɗano ya haɗu, amma in wani abu bai yi maka ba babu yadda za ka tsame shi. Lasifika da amfilifaya shinkafa da miya ce, gobe kana iya sauya miyar ka bar shinkafar.

A kula, ba duk abin da aka rubuta wa monita a kwali ba ne yake da wannan tsarin. Ƙananan nan masu inci 3 zuwa 3.5, irin su Mackie CR3 da PreSonus Eris 3.5, amfilifayar tana cikin ɗaya ne kawai, ɗayar kuma waya ake ja mata kamar lasifikar gida. Suna da amfaninsu a ƙaramin tebur, amma ba ajinsu ɗaya da JBL 305P ko Kali LP-6 ba.

Inda monita ke wahalar da mutum

Farashin da ka gani na guda ɗaya ne. JBL 305P, Yamaha HS5, KRK Rokit 5, Kali LP-6, ADAM T5V, duk ɗai-ɗai aka saba sayar da su, sai ka ninka kuɗin biyu. Wayar wuta kaɗai za ka samu a kwalin, ta sauti kai za ka nemo. Kowace na son soket nata. Abin ƙara murya a baya yake, kowace da nata, babu rimot, kuma yawancinsu babu Bluetooth. An ƙera su ne bisa zaton cewa akwai wata na'ura a gabanka da ke riƙe da murya.

Ramukan da ke bayansu ma ba irin na gida ba ne. Za ka ga XLR mai haƙora uku, ko babban jak na TRS. Waɗannan wayoyi suna ɗaukar sauti ta layi biyu masu saɓa wa juna, ta yadda duk ƙarar da ta shigo a hanya za ta soke kanta. Kana iya jona monita da ramin iyafis na laftof da waya mai rassa biyu, za ta yi magana, amma sau da yawa sai ka ji wani gurnani a ƙasa, ko tsuwa da ke motsi duk lokacin da ka motsa linzamin kwamfuta, musamman in caja na jone. Maganinsa shi ne akwatin sauti na USB, wanda 'yan situdiyo ke kira saundkad, irin Focusrite Scarlett ko Behringer UMC, sannan a jona komai a kan soket ɗin ƙari guda ɗaya. Wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi tun farko. Kali LP-6 da ADAM T5V sun ɗan sauƙaƙa, domin suna da ramin RCA, irin mai kai ja da fari da kowa ya sani. A bayan JBL kuma akwai ɗan maɓalli mai +4 dBu da -10 dBV. Mai jona waya ko laftof kai tsaye ya mayar da shi -10, in ba haka ba zai ga ya ƙure murya amma sauti bai taso ba.

Sai kuma shuuu. Kunna monita mai araha da dare lokacin sanyi, fanka a kashe, unguwa ta yi tsit, ka matso da kunnenka kusa da tuwita ba tare da ka sa komai ba. Za ka ji wata 'yar iska tana fita. Dalili shi ne amfilifayar a manne take da tuwita babu abin da ya shiga tsakani, kuma a buɗe take ko da babu sauti. An san JBL 305P da Kali LP-6 ta farko da wannan, har Kali ya rage shi a sabon samfurin da ya fitar a 2021. Yamaha HS5 ba a cika kuka da ita a kan haka ba. Da kiɗa ya fara, ko ka ja baya mita biyu, ko fanka ta tashi, abin ya ɓace. Amma mai zama yana karatu ko rubutu a tebur da lasifika a kunne shiru, in kunnensa mai tsini ne, zai iya damunsa ƙwarai.

A falo matsalolin nan taruwa suke yi. Talabijin na zamani galibi ramin oftikal ko HDMI yake da shi, saboda haka sai an nemo DAC, 'yar na'urar da ke juya sautin dijital ya koma wanda monita ke ganewa, kuma sai mai rimot, sannan a shiga saitin talabijin a mayar da sauti kan PCM, in ba haka ba ko dai shiru ko hayaniya. Uwargida ba za ta riƙa leƙa bayan lasifikoki biyu tana laluben maɓalli ba duk lokacin da za ta kalli labarai. Ga kuma yara. Yawancin monita tsirara suke, babu ragar da ta rufe fuskarsu, ga wufar Yamaha fara tas, ta KRK rawaya, kuma babu abin da ke jan ɗan yatsan yaro kamar ƙoƙon tuwita. Dannawa ɗaya ta isa ta lotsa shi.

Lasifikar gida da abokiyar tafiyarta

A da, abin da ke korar mai ƙaramin ƙarfi daga wannan hanya shi ne tsadar amfilifaya. Yanzu abin ya canza saboda ƙananan amfilifayoyi nau'in Class D da kamfanoni irin su Fosi Audio da Aiyima da SMSL ke yi da ƙwaƙwalwar TPA3116 ko TPA3255 ta Texas Instruments. Ba su fi tafin hannu biyu ba, ba su cika zafi ba, ba su shan wuta, kuma ƙarfinsu ya ishi kowace ƙaramar lasifika. Fosi BT20A tana da Bluetooth da RCA da abin murɗa bes da siriri. Fosi V3 da Aiyima A07 sun fi ta ƙarfi, amma hanyar shiga ɗaya gare su kuma babu rimot. Mai son ya jona abubuwa da yawa sai ya dubi manya irin Sony STR-DH190 ko Yamaha R-S202, masu rimot da rediyo da Bluetooth da ramuka da dama. WiiM Amp, wadda ta fito a 2023, tana da HDMI ARC, wato rimot ɗin talabijin da kansa zai riƙa ƙara murya da ragewa, sai dai ta fi tsada.

Lambobi biyu ake dubawa a bayan lasifika. Na farko om: 8, 6 ko 4. Duk sa'ad da lambar ta yi ƙasa, lasifikar ta fi jan wuta daga amfilifaya, don haka a duba ko amfilifayar ta yarda da ita. Na biyu dB, wato ƙarar da lasifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. ELAC Debut 2.0 B6.2 da Sony SS-CS5 suna da 87 dB a om 6, Q Acoustics 3020i tana da 88. Yi lissafi da kanka: wat 1 ya ba da 87 dB, wat 10 ya ba da 97, alhali sauraren da mutum ke yi cikin natsuwa a ɗaki bai cika wuce 70 zuwa 80 ba. Yawancin lokaci wat ɗaya ko biyu kake ci, sauran ajiya ce domin lokacin da ganga ta faɗo da ƙarfi. Ninka wat biyu, daga 50 zuwa 100, 3 dB kawai yake ƙarawa, ɗan ƙarin da kunne zai lura da shi amma ba zai yi mamaki ba. Kafin ka ji kamar ƙarar ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma.

Shi ya sa idan mai shago ya murɗe bes har ƙarshe ya ce maka, "Alhaji, wannan wat dubu uku ce, ji yadda take girgiza gilashi," ka juya kwalin ka duba. In ka ga PMPO a gefen lambar, ba lambar aiki ba ce, ta talla ce. Wadda ake dogara da ita RMS ce. Ka ce masa, "Malam, mayar da bes ɗin tsakiya, ka rage murya, ka sa mini karatu ko labarai." Muryar mutum ita ce gwajin da ba ya ƙarya, domin kowa ya san yadda take. In muryar namiji ta fito kamar yana magana a cikin randa, ko harafin "s" yana sukar kunne, ka san inda aka tsaya. Bayan nan ka sa abin da ka saba ji daga wayarka, mai kalangu ko garaya ko gurmi, ka saurara ko kana iya bambance kowane kayan kiɗa a wurinsa ko duk sun cakuɗe.

Babbar fa'idar wannan hanya ita ce daɗewa. Lasifikar da babu wuta a cikinta ba ta da abin lalacewa sosai, tana iya kai shekara ashirin ko talatin in ba a ƙure ta ba. Amfilifaya ta mutu, ka sauya ta kaɗai. Kuɗi ya samu, ka sayi babbar lasifika ka mayar da tsohuwar ɗaki. Ga kuma kasuwar gwanjo, inda ake dacewa da tsofaffin Pioneer da Technics da Kenwood da Sansui masu nauyi, waɗanda duk mai gyaran rediyo da ya iya aikinsa zai buɗe ya gane abin da ke ciki. Mai sayen tsohuwar amfilifaya ya murɗa kowane maɓalli ya ji ko yana ƙaraf-ƙaraf, ya saurari hagu da dama ɗaya bayan ɗaya. Mai sayen tsohuwar lasifika ya cire ragar ya taɓa zoben da ya kewaye wufa. In na soso ne kuma yana marmashewa, sai an sake shi.

Rauninta kuwa a fili yake. Kuɗinka ya rabu biyu, kuma kai ne za ka haɗa auren, in ka haɗa ba daidai ba babu wanda za ka kama. Lasifikokin ƙasa-ƙasa masu wufa inci 4 ba su da bes na kirki, wasu kuma da gangan aka ƙara musu kaifi don su burge a shago, su gajiyar da kunne a gida.

Nisa da ɗaki

Monita mai inci 5 an yi ta ne don mai zama kusa, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kai da lasifikokin biyu kun yi kusurwa uku daidai, tuwita a saitin kunnenka. A wannan nisan sautin lasifika yake riga na bango isowa, kuma nan ne za ka ji abin da ake yabon monita da shi: muryar mawaƙi ta tsaya cak a tsakiya, inda babu lasifika. A babban falo, mutum na zaune mita huɗu, ana hira, fanka na juyawa, inci 5 zai yi ta haƙilo, ko monita ce ko ta gida. Nan sai inci 6.5 zuwa sama, irin Kali LP-6 ko ELAC B6.2.

Ɗakunanmu kuma ba su taimakawa. Bangon siminti da tayil a ƙasa suna mayar da sauti, ya yi ta kai da komowa har magana ta dagule. Kafet mai kauri tsakaninka da lasifika, da labule mai nauyi, da kujeru masu laushi, za su gyara sauti fiye da ƙarin kuɗin da za ka kashe a kan na'ura. Sannan a duba ramin iskar lasifika. JBL 305P, Yamaha HS5, ADAM T5V da Q Acoustics 3020i a baya nasu yake, suna son a ba su tazara daga bango, ko da taƙi ɗaya ko biyu. KRK Rokit 5 da Kali LP-6 da ELAC B6.2 a gaba nasu yake, sun fi haƙuri da matsatsin wuri. Duk lasifikar da aka cusa a lungu besinta zai kumbura ya danne komai. A nan monita tana da abin taimako, domin a bayan JBL da Yamaha da Kali akwai maɓallan rage bes saboda kusancin bango, samfurin KRK na huɗu ma har da ɗan allo a baya. Mai lasifikar gida sai dai ya rage daga amfilifaya, ko ya toshe ramin da soso.

Maganar wuta

Masu rubuta sharhin kayan sauti a Turai da Amurka ba su cika kawo wannan ba, domin bai dame su ba. Ga wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi, shi ne kan gaba. Wutar Nijeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240 ne. Kayan da aka yi don Amurka na 120 ne, na cikin gidan Japan 100. JBL 305P MkII tana karɓar 100 zuwa 240, duk inda aka kawo ta za ta yi. Yamaha HS5 kuwa kowane yanki da nasa samfurin, don haka wanda aka aiko wa daga Amurka dole ya nemi abin sauke wuta kafin ya jona. Haka tsofaffin amfilifayoyin gwanjo. A karanta abin da aka rubuta a kusa da wayar wuta kafin a kai ta soket.

Sai batun wutar da ke dawowa da ƙarfi, da janareta mai hawa da sauka. In wuta ta buge monita, ta buge lasifikar gaba ɗaya, kuma allon da ke cikin irin su JBL da Kali da KRK na dijital ne, ba kowane mai gyara zai iya taɓa shi ba, kayan gyaransa ma sai an yi odarsu. Ɗaya ta mutu, ɗayar ta zama marainiya. Ƙaramar amfilifayar Class D kuwa adafta take amfani da shi a waje, irin na laftof. Sau da yawa shi ne ke ƙonewa, a sayi wani a ci gaba. In ita ce ta tafi, asarar ba ta kai ta monita ba, lasifikokin kuma suna nan lafiya. Masu TPA3116, irin BT20A, suna aiki da bolt 12 zuwa 24, wato mai sola yana iya jona ta da batir kai tsaye ba sai ta bi ta inbata ba. Ƙarfin zai ragu, a bolt 12 bai kai wat 10 ba a lasifika mai om 8, amma ka ga lissafin da muka yi a sama, ya isa ɗaki. Inbata mai araha da ba ta fitar da tsaftatacciyar wuta kuma tana sa kayan sauti gurnani, musamman masu taransifoma a ciki. Duk wanda ya zaɓi monita ya sa kuɗin sitabilaiza a lissafi, ya kuma saba da kunna ta a ƙarshe da kashe ta da farko, don kada bugun kunna kwamfuta ya faɗa wa tuwita.

To wacce za a ɗauka?

Mai zama a tebur shi kaɗai, kwamfuta ce tushen sautinsa, yana jin kiɗa, wataƙila yana ɗan gyara bidiyo ko murya, ya ɗauki monita da saundkad. A cikinsu JBL 305P MkII ta fi ba da bes da faɗin sauti a kuɗinta: kamfanin ya ce tana sauka har 43 Hz, HS5 kuwa 54 Hz a ma'auni iri ɗaya. In ka tuna cewa igiyar ƙasa ta gitar bes tana wajen 41 Hz, za ka gane abin da ke ɓacewa. HS5 tana fito da tsakiyar sauti gaba, shi ya sa masu haɗa waƙa ke sonta, amma don jin daɗi kawai ni ba ita zan fara nuna wa mutum ba. Kali LP-6, wadda tsofaffin ma'aikatan JBL suka kafa kamfaninta a 2018, ta fi cika ɗaki in tebur zai ɗauke ta. ADAM T5V tana da tuwita mai naɗaɗɗen falle wadda ke fito da siriri fes, wasu na so, wasu na ganin ya yi yawa.

Falo mai talabijin da iyali da baƙi, lasifikar gida da amfilifaya mai rimot. ELAC Debut, wadda injiniya Andrew Jones ya zana bayan ya baro Pioneer a 2015, ko Wharfedale Diamond, ko Q Acoustics, duk sayen nagari ne mayar da kuɗi gida. In aljihu bai kai nan ba, Sony SS-CS5 ko Micca MB42X da 'yar Fosi za su yi. Shawarata a zuba kaso mafi tsoka a lasifika, domin bambancin sauti tsakanin lasifikoki biyu ya ninka wanda ke tsakanin amfilifayoyi biyu masu lafiya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma 'yar hanya ta tsakiya da mutane da yawa ke ƙarewa a kanta: lasifikokin gida masu amfilifaya a cikin ɗaya, irin Edifier R1280T mai wat 42 jimilla da rimot da ramukan RCA biyu, ko R1280DB da aka ƙara wa Bluetooth da oftikal. Soket ɗaya, kwali ɗaya, wayoyi a ciki, raga a fuska. Sautinta bai kai na JBL ko ELAC ba, kuma in amfilifayar ta mutu matsalarta irin ta monita ce, amma ga ɗakin ɗalibi ko ƙaramin falo babu ciwon kai a tare da ita.

Kowacce ka ɗauka, kada ka ajiye ta a ƙasa ko a saman kabad kusa da silin. Ɗaga ta tuwita ta kalli kunnenka a zaune, ka sa soso ko roba a ƙarƙashinta don kada tebur ya riƙa amsa bes. Wayar lasifika kuma ba sai ta musamman mai tsada ba, tagulla ta gaske mai kaurin 1.5 mm ta isa ɗaki ko falo. Abin kiyayewa shi ne ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a ɓangarorin biyu. In aka juya na gefe ɗaya, lasifikokin za su riƙa soke juna, bes ya ragu, muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya ta watse, mutum ya zaci jabu aka sayar masa.